Gadon Tsohuwa a Cikin Kwamfutar Baba

Rana ta yi ja, kaji sun shige akurkinsu, lokacin da Yaya ta lallaɓa ɗakin marigayi Baba da sukurudireba a cikin hijabi. Umma ta hana kowa taɓa kwamfutarsa. Amma aikin makaranta ya taru, ita kuwa tsohuwar na'urar kafin ta buɗe shafi ɗaya sai ka dafa shayi ka shanye. Yaya ta kwance murfin, ta tarar da ƙura a dunƙule kamar auduga. Ko bisimilla babu ta hure ta, ta zare tsohon ram, ƙwaƙwalwar na'urar, ta danna sabo, ta jefa tsohon a jakarta.

Ana sallame magariba tsakuwa ta fara sauka a kan kwano. Ɗaya. Shiru. Ɗaya. Babu wuta a unguwar, amma fankar kwamfutar tana juyawa.

Umma ta ga murfin a karkace, ta ɗauke Auta da mari. "Ke ce mai ƙiriniya a gidan nan!"

Yaya tana tsaye. Ta bar Auta da laifin.

Washegari Auta ta faɗi. Kwana uku ba ci ba sha, sai gurnani. Yaya takan ɗauko loma, ta mayar.

Rana ta huɗu bayan la'asar Malam ya zo, ya zauna, ya yi ta karatu har yarinyar ta miƙe zaune, ta buɗe baki da muryar tsohuwa mara haƙori.

"Kai Malam, sassauta mini, ni ba kurma ba ce."

"Me ya kawo ki jikin yarinya?"

"Shekara goma sha biyu ina jin ɗumi a akwatin can. Maigidan, Allah ya jiƙansa, sai ya yi sallama yake kunnawa. Wata mara kunya ta hure mini shimfiɗa, ta ɗauke gadona, ta sa mini wani mai zafi kamar kasko!"

"Wace ce?"

"Ta san kanta. Ta faɗa da bakinta, ko na shekara a nan."

Yaya ta durƙusa, ta zaro tsohon ram ɗin daga jakarta.

"Umma, ni ce."

Umma ba ta dube ta ba. Tafin hannunta take kallo.

"A mayar mini inda yake," in ji muryar.

"Gidan nan kin gama zamansa," Malam ya ce. "Gadonki dai za a ba ki."

"To, a kai mini ramin katangar baya. Ita za ta kai, kuma ta yi sallama."

Yaya ta kai, ta yi sallama har sau uku. Tana dawowa Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta shafa kuncin da ya sha mari.

"Yaya, kukan me kike yi? Wallahi ban tuna na taɓa ba, amma ki taya ni ba Umma haƙuri."