Yadda Duna Ya Koyi Gadin Shanya

A Dakko akwai wani yaro, sunansa Sadi. Yana aji biyar a firamare. Yaro ne mai yawan tambaya. Ko tururuwa ya gani ɗauke da ƙwayar gero, sai ya bi ta ya ga inda za ta.

Babansa manomin rani ne. Idan tumatir ya yi yawa a kasuwa, ba ya sayar da nasa ɗanye. Sai a yanka, a shanya a bayan gida har ya bushe. Amma awakin unguwa ba su barin shanya. Da mai gadi ya juya baya, sun shiga.

Wata rana Baba ya dawo daga Maradun da ɗan kwikwiyo a cikin kwali. Kawu Jatau ne ya ba shi, wato ƙanen Inna. Kwikwiyon baƙi ne ƙirin.

"Ga shi nan," in ji Baba. "Kai za ka kula da shi. Gadin shanya zai yi. Ya kori awaki, amma ban da cizo. Kuma iyakarsa bayan gida. Kada in gan shi a ɗaki."

"To, Baba."

Sadi ya sa masa suna Duna. Duk inda ya yi, Duna na biye da shi. Haka har ya ɗan tasa.

Ran nan abokinsa Naziru ya zo. Duna ya tarye shi yana kaɗa wutsiya.

"Wannan ne mai gadin?" in ji Naziru, yana dariya. "Kai, Sadi! Ai ko ɗan akuya ba zai ji tsoron wannan ba."

"To mi zan yi mai?"

"Barkono. Yayana ya ce haka ake yi. A zuba mai barkono a abinci. A ɗaure shi a rana. In ya yi kuka a tsula mai bulala. Nan da nan zai yi zafi."

Sadi ya so ya ga ko gaskiya ne. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗebi dakakken barkonon Inna, ya cuɗa da sauran tuwo, ya ajiye wa Duna.

Duna ya kai baki da murna. Sai ya yi tsalle baya. Ya yi ta atishawa, yana goga baki a ƙasa. Ya ruga ƙarƙashin rumbu ya ɓuya.

"Duna! Zo nan!"

Duna ya fito yana jan ciki. Sadi ya kama shi, ya ɗaure shi a rana. Da ya yi kuka, ya tsula masa tsumagiya.

Haka ya yi ta yi kwana da kwanaki. Kullum yana duba ko zafin ya zo. Zafi bai zo ba. Duna dai ya rame. Ya daina kaɗa wutsiya. Da ya ji sunansa, sai ƙarƙashin rumbu.

Aka tsinko tumatir, aka yanka, aka shanya. Baba ya tafi gona, ya bar Sadi da Duna. Can sai ga awaki ta bayan danga.

"Duna! Kore su! Kore su!"

Duna ya ji tsawa. Ya sa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya shige maɓoyarsa. Sadi ya kori wannan, waccan ta shiga. Kafin ya ankara sun cinye gefe guda, sun tattake saura.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya tsaya ya dubi shanya.

"Ina karen?"

"Yana ƙarƙashin rumbu."

Inna ta fito da gwangwanin barkono a hannu. "Malam, tambaye shi inda barkonona ke zuwa. Kullum gwangwanin raguwa yake."

Sadi ya sunkuyar da kai. Ya faɗi duk abin da ya yi.

"Wa ya sa ka?" in ji Baba.

"Na ji an ce haka ake yi."

"An ce." Baba ya girgiza kai. "Dabba ce, ba ta da bakin kai ƙara, amma Allah na gani. In ba ka iya riƙo ba, mai shi ya iya. Ranar da aka yi shanya ta gaba, in yana nan yadda yake, zan mai da shi Maradun."

Sadi ya ji kamar ya yi kuka. Ba ya son a ɗauke Duna.

Washegari da safe ya ga abin mamaki. Ƙanwarsa Ramla, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, tana zaune kusa da rumbu tana cin ƙanzo. Sai ga hancin Duna ya leƙo. Ramla ta jefa masa ɗan guntu. Ya fito ya ci. Ta jefa wani. Ya matso, ya kwanta kusa da ita.

Sadi ya taka a hankali. Duna ya ɗaga kai, ya gan shi, ya koma ciki da gudu.

"Ramla, mi kika yi mai yake zuwa wurinki?"

"Ba komai."

"To ni don mi yake guduna?"

"Kai mugu ne," in ji Ramla, ta ci gaba da cin ƙanzonta.

Maganar ta tsaya masa a rai har makaranta. Da aka fita hutun ƙarfe tara, ya tsaya wurin malamar ajinsu, Malama Taibatu. Ya ba ta labari duka.

"Malama, kare yana da tunani ne?"

"Yana tuna abin da ya same shi," in ji ta. "In ka kira shi ya zo, me yake samu?"

"Bulala," in ji Sadi.

"In ya je wurin Ramla fa?"

"Ƙanzo."

"To kai da kai ne shi, wurin wa za ka?"

Sadi ya yi ɗan murmushi, kunya ta kama shi.

"Je ka gwada hanyar Ramla," in ji Malama. "Kada ka yi gaggawa. Ka dawo ka gaya mini abin da ka gani. Ni ma ina son in sani."

Sadi ya fara da karya tsumagiyar. Ya kwance igiya daga turken rana. Ya samo kasko, ya zuba ruwa mai kyau, ya ajiye a inuwa. Inna ta ce kaskon na Duna ne shi kaɗai, kuma Sadi ya riƙa wanke hannu duk lokacin da ya gama da shi.

Da yamma ya zauna nesa da rumbu da ƙuli-ƙuli a aljihu. Bai kira sunan Duna ba, tunda sunan ya zama abin tsoro. Sai ya yi fito a hankali, ya jefa ɗan guntu. Duna bai fito ba. Sadi ya tashi ya tafi. Da ya waiwayo, ƙulin ba ya nan.

Gobe ma haka. Jibi ma haka. Naziru ya wuce ya gan shi zaune.

"Kai kuma gadin rumbu aka ba ka?"

"Ina gwada wani abu ne."

Ana nan, ran nan ya yi fito, sai ga Duna ya fito rabi. Bayan wasu kwanaki ya zo har gabansa, jikinsa na rawa. Sadi bai kai hannu ba. Ya ce, "Yawwa, Duna," da murya mai sanyi, ya ba shi ƙuli. Wutsiyar ta ɗan motsa.

Daga nan abu ya fara tafiya. Sadi ya gano abubuwa da yawa, kuma duk ya kai wa Malama labari. In koyarwa ta yi tsawo, Duna gajiya yake. In aka ba shi ƙuli a makare, bai san don me aka ba shi ba. In kaska ta cika masa kunne, ba ya sauraron kowa. Sadi ya zauna ya cire masa su. Da mai allurar dabbobi ya zo daga Bakura, Sadi ya roƙi Baba aka yi wa Duna allurar haukan kare.

Sai aka zo kan awaki. Sadi ya ari akuyar Inna. In ta doshi wurin shanya, ya ce "Kore!" su ruga tare da Duna. In ta juya, ya yi fito, Duna ya dawo ya karɓi ƙuli.

Wata rana Duna ya ƙi dawowa. Ya bi akuyar har bakin hanya. Ran Sadi ya ɓaci. Ya sunkuya ya ɗauki kara. Duna ya hango shi, ya kwanta ƙasa ya lafe. Sadi ya dubi karan da ke hannunsa. Ya yar da shi. Ya tsuguna ya yi fito. An daɗe kafin Duna ya taso. Da ya zo, ya samu ƙulinsa.

Ranar shanya ta zo. Wannan karon Baba bai tafi gona ba. Ya zauna a gindin darbejiya yana gyaran fartanya. Bai dubi kowa ba, amma yana gani.

Da hantsi awaki suka ɓullo, har da wani ɗan ƙarami na maƙwabta.

"Duna, kore!"

Duna ya zabura da haushi. Awaki suka watse. Ɗan ƙaramin ya yi tuntuɓe ya faɗi a bakin danga. Duna ya yi kansa, baki buɗe.

Baba ya miƙe tsaye.

Sadi ya so ya yi tsawa, amma ya danne. Ya yi fito.

Duna ya tsaya cak. Ya dubi ɗan akuyar, ya dubi Sadi. Sai ya juyo a guje, ya zauna a gabansa yana haki. Ɗan akuyar ya tashi ya bi uwarsa.

"Yawwa, Duna! Yawwa!"

Har rana ta yi sanyi, ko yanki ɗaya ba a taɓa ba. Baba ya zagaya shanya, ya dawo.

"Baba, za a mai da shi?"

"Je ka saro kara a gona," in ji Baba. "Mai gadi ba ya zama babu rumfa."

Sadi ya ruga, Duna na gefensa.

Yara, abin da Sadi ya koya ke nan. Duka ba ya koya wa dabba komai sai tsoro. Ku ba ta abinci da ruwa da inuwa. Ku yi haƙuri da ita, ku yaba mata in ta yi daidai. Za ta saurare ku, kuma za ta yi muku aiki da son ranta.