Dutsen Rijiyar Malam Siddiƙu

Ranar Asabar da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Sakkwato cewa an sace dutse. Sufeto Abdulwahabu ya kusa yin dariya, sai ya ga mai ƙarar dattijo ne, Maigari Maigandi, kuma idanunsa sun yi ja.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da Turawa suka ci garin. Birni ya yi ta cin gonaki har ya kusa haɗiye Rijiyar Siddiƙu, wani tsohon ƙauye a bayan Minanata. Abin da ya rage wa ƙauyen na tunƙaho shi ne rijiyar da Malam Siddiƙu ya haƙa tun kafin jihadi, da kabarinsa a gefenta. A bakin rijiyar akwai wani faffaɗan baƙin dutse wanda igiyar guga ta ci ta yi masa kwari-kwari. Shi ne aka ɗauke.

"Jiya munka tahi Juma'a cikin birni, ruwa ya tsai da mu," in ji Maigari. "Da munka dawo, babu dutse. Amma mun kama ɓarawon. Audi mai jakai na, baƙo daga Wamakko. Jibi za mu kai shi ga alƙali."

"Wa ya gan shi?"

"Junaidu, ɗan ƙanena, helman masu aikin hanya."

Da suka isa ƙauyen, Sufeto ya nufi rijiya kai tsaye. Yana zuwa gindin wata tsamiya, wata tsohuwa mai suna Uwani ta tare shi da sanda.

"Tuɓe takalminka, ɗan nan. Ko sarki bai wuce tsamiyar ga da takalmi. Malam na kwance."

Ya tuɓe. Da ya sunkuya zai ajiye su, ya ga sawu a busasshiyar laka: takalmi mai ƙusoshi ya zo har gindin tsamiyar ya tsaya. Daga nan zuwa rijiya sawun ƙafa ne tsirara, ga kuma layin ƙafar amalanke.

An ɗaure Audi a zauren Maigari, leɓensa a fashe.

"Ka zo rijiya jiya?"

"Na zo da sahe na shayar da jakai, ranka shi daɗe. Tsohuwa ta kore ni, wai na shiga da takalmi. Ni ban san dokar ba."

"Kana da amalanke?"

"Ni da ko mangala sai na yi faci?"

Sufeto ya dubi fatattakakken takalmin fatar da ke ƙafar Audi, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa.

Ya sami Junaidu a bakin sabuwar hanyar da ake yi wa mota, yana yi wa leburori tsawa. Saurayi ne tsaf, sanye da takalmin soja da Baturen hanya ya ba shi.

"Da idona na gan shi, ya ɗora dutsen bisa jaki," in ji Junaidu.

"Dutsen da sai ƙarti huɗu? Wannan jaki ya cancanci sarauta. Ina ka yi Juma'a?"

"Cikin birni."

"Kusa da wa ka tsaya?"

"Jama'a ta yi yawa, ban lura ba."

Sufeto ya zaga wajen da ake gina kwalbati. Cikin tarin jan marmara ya hango baƙaƙen gutsattsari. Ya ɗauki ɗaya. Gefensa sumul ne, da kwarin igiya a jiki. Ya sa a aljihu, ya ce wa Junaidu ya biyo shi ya nuna masa inda ya ga jakin.

Jama'a sun taru a rijiya. Junaidu na isa gindin tsamiya ya sunkuya ya kwance takalminsa, ba tare da kowa ya ce masa ba. Ya ajiye su daidai inda sawun jiya yake. Ƙusa ta hau kan ƙusa.

"Baƙo ba ya tuɓe takalmi a nan, don bai sani ba," in ji Sufeto. "Wanda ya ɗauki dutsen nan ɗan gida ne." Ya fito da gutsuren ya miƙa wa Maigari.

Dattijon ya shafa kwarin igiyar da yatsa.

"Junaidu, mi nike gani?"

Junaidu ya durƙusa. "Baba, Bature yac ce in ban kawo dutse mai ƙwari na ruhe kwalbati ba, a ba wani helma. Na zo da leburori baƙi da amalanke, su sunka tsaya ga tsamiya, ni na tura amalanken har rijiya, na ɗaure dutsen da igiya, sunka ja. Na ce in an gama hanya in maido shi. Wurin sauke shi ya tsage biyu. Sai na sa anka farfasa."

"Audi fa?"

"Na ga ba shi da kowa nan."

Wannan ita ce magana mafi muni da aka yi a ranar, ta fi satar ƙazanta. Mutanen da suka fasa wa Audi baki ba tare da tambaya ba su ma da nasu laifin. Maigari da kansa ya je ya kwance shi, ya roƙe shi gafara. Audi ya kora jakansa ya tafi, bai ko sha ruwan rijiyar ba.

Sufeto ya sa wa Junaidu ankwa. Za su wuce, Maigari ya ɗauko takalman Junaidu ya rataya masa a wuya.

"Ka tuna a tuɓe su, ɗana," ya ce. "Abin da ya sa ake tuɓewa ka mance."

Da la'asar Uwani ta sa aka gicciya guntun icce a bakin rijiyar. Ta zura guga, ta ja. Igiyar ta yi ta zamewa, ta rasa inda za ta kwanta.