Sanarwar Sandika ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na ranar Talata aka bugo waya komisariyar 'yan sandan Diffa. An tarar da gawa a masaukin wani ƙaramin kamfanin jiragen sama mai jigilar ma'aikatan agaji da magunguna tsakanin Yamai, Damagaram da Diffa. Insifekta Zailani ya ture kwanon shinkafarsa ya ɗauki makullin mota.

Mamacin Kwamanda Abdullateef ne, dattijon matuƙi, shugaban sandika, wato ƙungiyar ƙwadagon matuƙan kamfanin. Yana kwance kusa da teburin ƙarfe, jini ya daskare a ƙeyarsa. Ba a fasa ƙofa ba. Wayarsa da agogonsa suna nan, jakar tafiyarsa a zuge ƙarƙashin gado. A kan teburin akwai kofin shayi biyu. Zailani ya sa aka ɗauke gawar, ya kulle ɗakin ya jefa makullin a aljihu.

Maigadi Babagana, wanda ya yi shekara shida a sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage kafin ya sami wannan aiki, ya rantse bai bar bakin ƙofa ba. Zailani ya dubi ƙafafunsa.

"Baba, wannan ɗanyen taɓon a bakin ƙofa ka taka shi?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce ya gangara bakin kogin Komadugu ban ruwan 'yar gonar tattasai tun sha biyu da rabi, yana tsoron kada a kore shi. Da zai tafi ya bar Kwamanda da mataimakinsa Faisal suna shan shayi. Da ya dawo gawa ya tarar.

Faisal bai wuce talatin da biyu ba, shi ne kuma sakataren sandika. Idanunsa jajaye ne, irin na wanda ya daɗe bai ƙoshi da barci ba. Ya ce ya bar Kwamanda lafiya lau kafin azahar, ya tafi kasuwa sayo wa matarsa busasshen kifi. Ba a tambaye shi ba ya shiga bayani: wata biyar ke nan suna zama da kamfani kan sabon kwantaragi. Suna tuƙi awa goma sha uku a yini, kwana shida a jere. Kamfani ya ce ƙungiyoyin agaji suna ta janyewa, wanda bai iya ba ya ajiye aiki. Jibi Alhamis ne zama na ƙarshe a Yamai.

"Shef, ka nemi wanda wannan mutuwa za ta yi wa amfani," in ji shi. Ya miƙo wayarsa.

Sanarwoyin da yake aika wa 'yan sandika ne. Zailani ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha shida duk ƙarshensu ɗaya: an tashi ba a cimma matsaya ba. Ta goma sha bakwai an aika ta biyu da rabi. Ta ce an kashe shugaba, an kuma sace dosiye, wato ƙunshin takardun shaidar da zai kai wurin zama.

Zailani ya mayar masa da wayar.

Mariyama, wakiliyar kamfanin a Diffa, ta ce ba ta san wani dosiye ba. Sai da Zailani ya ce zai kira mai shagon fotokofi na maƙwabta sannan ta gyara zama. Ta ce da safe Kwamanda ya ba ta shi ta yi masa kwafi a ɓoye, wuta ta ɗauke, ta mayar masa sha biyu. A gabanta ya saka shi cikin jaka ya zuge. In manyanta suka ji, aikinta ya ƙare.

"Kin karanta?"

"Shafin farko kawai."

"Me ke ciki?"

Ta ce rahoto ne na watan jiya. Barci ya kwashe wani matuƙi a sararin Mainé-Soroa da fasinja goma sha ɗaya, jirgin ya yi ƙasa sosai kafin Kwamanda ya karɓe shi. Da Zailani ya tambayi sunan matuƙin, ta faɗa a hankali: Faisal.

Ƙarfe huɗu Zailani ya buɗe ɗakin ya duba cikin jakar. Riguna ne da darduma, babu dosiye. A bayan gida, kusa da janareto, ya tarar da toka mai sauran ɗumi da ƙarfen maƙale takardu ya yi baƙi.

Ya ɗauki ƙarfen, ya sa aka kawo Faisal tsakar gida.

"Ina kifin da ka sayo?"

"Ban samu mai kyau ba."

"Ka shiga ɗakin bayan an ga gawa?"

"A'a, Shef. Ka riga ka kulle na iso."

"Ni ban san babu dosiye a jakar nan ba sai yanzu. Kai ka sani tun biyu da rabi. Wa ya gaya maka?"

Faisal ya zauna a kan dakali, ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke tafin hannun insifektan.

"Roƙonsa na yi ya goge sunana," ya ce. "Ya ce shaidar da ba suna kamfani zai yar da ita. Ya ce sandika za ta tsaya mini. Wace sandika? Mu tara ne. Ranar da takardar nan ta isa Yamai za a karɓe lasisina, kuma ban iya wani aiki ba."

Ya ce ya zaro dosiyen, Kwamanda ya riƙe gefe ɗaya, suka yi ta ja. Da ya fizge, dattijon ya tafi da baya, ƙeyarsa ta bugi teburin ƙarfe. Ya kira sunansa sau uku bai amsa ba.

"Shi ya koya mini sauka a filin nan. Abin da ya rubuta kuma gaskiya ne, na yi barcin."

Zailani ya saka masa ankwa da kansa. Bai ji daɗin da yakan ji ba in ya gama aiki. Ya san jibi za a zauna a Yamai ba shugaba, ba sakatare, ba takarda ko ɗaya.

A bakin ƙofa Faisal ya tsaya ya tambayi Mariyama wa zai tashi da jirgin gobe. Ta ce kamfani ya riga ya bugo: matuƙa Ilu da Abbakar sun sauka Damagaram ɗazu, za su taho ta mota su tashi da shi bakwai na safe.

"Yau kwanansu shida a sama," in ji Faisal.

Aka saka shi bayan mota. Ba su kai kasuwa ba kansa ya jingina da gilas, barci ya ɗauke shi. Ɗan sandan da ke gefensa ya ɗaga hannu zai tashe shi.

"Ƙyale shi," in ji Zailani. "Sai mun isa."