Daƙiƙa Casa'in a Shagon Mzee Pandu

"Kowa ya kwanta! Ƙasa na ce!"

Ngwale ya ɗaga bindiga, shagon wayoyin Mzee Pandu ya yi tsit. Ƙarfe ɗaya na rana ne a kasuwar Kariakoo, 'yan bodaboda masu haya da babur na ta hon a waje, ba wanda ya waiwayo. Kibwana ya shigo bayansa da jaka, hular kwano ta rufe masa fuska, gumi na shiga kunnensa. Yau ne fashinsa na farko. Babur yake so na kansa, ya gaji da tura baro.

Tun da safe a teburin mai shayi Ngwale ya yi wa Kibwana da abokin aikinsu Shomari karatu. "Kan mutum ɗan kofi ne, mutumina. Ka nuna masa bindiga, ya cika. Ba ya ganin fuska, ba ya ganin takalmi. Daƙiƙa casa'in. Ni tsawa, Shomari babur, kai kaya. Masu tsada kawai."

"Ta ya zan gane masu tsadar, Oga?"

"Kai dalla, makaho ne kai?"

To, ga shi gaban kanta. Layi biyar, wayoyi kamar su yi magana. Yana ƙirga daƙiƙa a zuci, yana sauraron titi, yana roƙon mararsa ta yi haƙuri. Idonsa ya faɗa kan layin tsakiya, daidai tsayin hancinsa: manyan wayoyi, fitila na haska su, kowacce da jar takarda mai sifili rututu. Shi ke nan! Ya daki gilas — ratsatsa! — ya hau sharewa. Wani tsohon kwalin sabulu ya harɗe masa ƙafa, ya shure shi gefe.

Mzee Pandu na kwance ƙarƙashin tebur, kumatunsa a kan siminti. Da ya ga kwalin ya tsira, sai ya lumshe ido ya ci gaba da salati a natse.

"Saba'in! Fito, shege!" Ngwale ya daka tsawa.

Kibwana ya juya da gudu. A bakin ƙofa wata mata mai zanen kanga ruwan ɗorawa ta ɗago kai tana laluben silifas ɗinta. Gwaggo Mwanaisha ce, ƙanwar babansa, wadda ta rene shi. Kansa ya riga ya cika maƙil, sai baki ya yi aikin da ya saba tun yana ɗan shekara uku. Ya yi gaisuwar da ake yi wa manya, har da rusunawa.

"Shikamoo, Gwaggo."

"Marahaba," ta amsa, ita ma ba ta san ta amsa ba. Sai idonta ya buɗe. "Kibwana?!"

"Ja mu, Shomari — ja!" in ji Ngwale.

Babur ya zabura da mutum uku. Suka kutsa tsakanin motocin haya na daladala biyu, suka kifar da farantin mai mangwaro, tana bin su da zagi har kwana.

Ana haka ɗan sanda Afande Mlay na kan benci, ya sa cokali ke nan cikin soyayyen dankali da ƙwai, oba-oba ta yi ƙara. Ya dubi farantin, ya dubi sama. "Ɓarayin zamani ba su da tarbiyya, ba sa jiran mutum ya ƙoshi." Da ya isa shagon, ya tambayi mutum tara kamannin 'yan fashin. Takwas suka kwatanta masa bindiga. Ta taran ta ce, "Afande, kawo mota. Na san inda yake ɓuya in ya yi laifi."

A unguwar Mbagala, cikin kangon da mahaifin Kibwana ya rasu bai gama ba, aka zazzage jaka. Shomari ya ɗau waya ya danna. Shiru. Ya ɗau wata, ya jijjiga ta a kunne.

"Oga, wannan ai ta fi biskit rashin nauyi."

Ngwale ya taka ɗaya, ta rotse. Roba ce, cikinta fayau.

"Na talla ne," in ji Shomari, dariya na cin sa. "Baaba, kayan wasan yara ka yi fashinsu!"

"Su ne a tsakiya! Su ke da fitila!" in ji Kibwana.

Ngwale bai yi dariya ba. "Me na ji ka ce a bakin ƙofa?"

"Gaisuwa ce kawai, Oga. Babba ce."

Ngwale da Shomari suka haɗa ido. Sai Oga ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa. "Ba komai, kowa da ranar farkonsa. Zauna ka huta, mu sayo lemo. Riƙe min wannan."

Ya miƙa masa bindigar. Kibwana ya ji ƙirjinsa ya buɗe: shi Oga ya bai wa ƙarfe! Yana ta juya ta yana shafawa, bai lura ƙarar babur ta yi nisa fiye da shagon lemo ba. Ƙarar da ta dawo ta mota ce.

"Ajiye! Hannu sama!"

A ofishin 'yan sanda Mzee Pandu ya zo ba da shaida, ya dubi Kibwana da tausayi. "Na gasken suna cikin kwalin da ka shura, ɗana. Kada ka ji kunya, masu saye ma layin tsakiya suke fara kallo. Shekara ashirin ina jerawa, ba wanda ya taɓa duban ƙasa."

Ngwale da Shomari ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kibwana aka samu da kaya, shi aka samu da bindiga. Alƙali ya ce shekara talatin, yana da ashirin da biyu a duniya.

Gwaggo Mwanaisha ta zauna a matakalar kotu har aka fara rufe tagogi. Afande Mlay ya tsaya kanta ya ce, "Mama, tashi in sa a kai ki gida. Ai kin yi abin da ya dace."

"Ni na koya masa gaisuwar nan, Afande," ta ce. "Da bulala na koya masa."

Ta ja gefen kanga ta rufe fuska.