Abin da Tsintsiya ta Kwaso

Wanda duk ya bar Dawanau ya nufi ƙauyukan arewa zai ga wani dogon gini mai rufin kwano a tsakiyar gonakin gero, ƙofarsa ɗaure da sarƙa. Masu a-daidaita-sahu ƙara wuta suke yi in sun zo daidai wurin. Da ba haka yake ba. Mutum guda ne ya mai da shi kufai, sunansa Sama'ilu.

Masana'antar gyaran riɗi ce ta Alhaji Nababa. Mata su sheƙe, su tsince tsakuwa, maza su ɗinke buhuna su loda a mota. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma akwai al'adar da ta riƙe mutane: duk abin da ya zube ƙasa na ma'aikata ne. Ranar Alhamis da yamma sai a share dandamali, a raba sharar kwano-kwano, mata su kai gida su wanke, su yi kantu ko su matse mai. Alhaji kan ce, "Abin da ya faɗi daga hannuna, Allah ne ya ce ba rabona ba ne." Da azahar kuwa da shi ake zama a tabarma, a ci dambu a faranti ɗaya.

Sama'ilu ke riƙe da makullin sito. Maraya ne ɗan ƙauyen, a inuwar Alhaji ya girma har ya aurar da ƙanne, ya kai 'ya'ya makaranta. Amma duk Alhamis yana tsaye yana kallon kwanukan nan suna fita, ransa na suya kamar daga rumbunsa ake ɗiba.

Da Alhaji ya rasu, magada suka sa masana'antar a kasuwa. Wani babban kamfani daga Legas ya taya, ya ce yana neman ɗan ƙasa da zai ba shugabanci da kaso. Masu neman kujerar suna da yawa, wasu har da digiri. Sama'ilu ba shi da komai sai makulli da buri. Wani direban tirela ne ya yi masa kwatancen wani boka.

Da tsakar rana ya je. Wurin tsohuwar marina ce da aka daɗe da yashewa, ramukan sun bushe, sai guda ɗaya mai baƙin ruwa wanda ko ƙuda ba ya sauka a kansa. A bakin ramin akwai bukkar kara. Ciki an kife tukwane a jere, kowace da jan ƙyalle a wuya. Ƙahon rago na rataye, an cusa masa gashin baƙar kaza, ga wani turare mai ɗaci da ke kama maƙogwaro. A tsakiya an kafa tsintsiya a ƙasa, bakinta na kallon sama. Bokan ɗan tsamurmurin tsoho ne, hannayensa shuɗi har gwiwa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin ya rina ko zare.

"Malam, na zo ne..."

"Malamai suna masallaci. Zauna. Kujerar mataccen ubangidanka kake so."

Sama'ilu ya zauna. "Ita ce. Amma in jini ne, ba zan iya ba. Ina da iyali."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Kallon fim ya ɓata ku. Masu ramin nan ba sa son jini. Shara suke so."

"Shara?"

"Ta dandamali. Duk Alhamis a kwashe ta tas, ka kawo da hannunka ka zuba musu. Kada ɗan Adam ya ci ko ƙwaya."

"Shi ke nan? Ba rago, ba sa?"

"Shi ke nan. Sai dai ka sani, tsintsiya ba ta zaɓe. Abin da ta kwaso, shi suke ci. Kana da tambaya?"

A nan mai hankali zai tsaya. Ko yaron goye a ƙasar Hausa ya san ba riɗi kaɗai ke kwance a ƙasa ba, akwai sawun mutane, kuma da sawu ake ɗaure mutum. Sama'ilu ma ya sani. Ya dai lissafa cewa sawun na talakawa ne.

"Babu tambaya," in ji shi.

Kafin wata ya mutu an kira shi Legas, ya dawo manaja. Aka sauke allon Alhaji Nababa aka kafa mai turanci. Aka sa na'urar dangwala yatsa a ƙofa, da masu gadi masu laluben jakar mata. Farantin dambu ya tafi, waƙar da mata ke yi wajen tsinta ma aka hana, wai tana rage sauri. Aka mai da kowa ɗan kwantiragi, aikin yau ba ya lamunce maka gobe. Mutanen da suka yi shekaru suna halartar suna da bikin juna suka koma in biyu na magana, na uku ya kai rahoto ofis don ya tsira da gurbinsa.

Alhamis ta farko, shugabar masu tsinta, Inna Barira, ta tsaya da kwanonta a gabansa.

"Sama'ila, ina sharar?"

"Inna, yanzu Manaja ake cewa. Shara kuma kayan kamfani ce."

"Manaja. To, Manaja, a bayan nan nawa ka yi fitsari lokacin da uwarka ke jinya. Da kantun sharar nan na yaye ka. Kamfanin naka tuwon shara yake ci?"

"Doka ce daga sama."

"Sama guda na sani," in ji ta, ta kife kwanon ta koma bakin aiki.

Dukiya ta zo kamar an ɓalle madatsa. Ya gina bene a Rijiyar Zaki, ya je Makka, ya zama Alhaji. Ma'aikata kuwa suka fara yaushi. Yahya ɗan dako, mai ɗaukar buhu yana raha, ya koma hutawa sau biyu kafin ya kai mota. Mata na ciwon ƙafa da mantuwa. Babu wanda ya mutu, kuma babu wanda ya yi zargi, don tsoron kora shi ma haka yake tsotse mutum.

Sai masu kamfanin suka aiko da injin tsinta mai ido, wanda ke yin aikin mata duka ba ya neman izinin salla. Sama'ilu da kansa ya tsaya a ƙofa ya sallami mutane, ba ko sannu. Ya ce amana ta yi ƙaranci, sai na gida. Ya sa ɗansa Jamil kula da inji, 'yarsa Sadiya a wajen awo, matarsa Aina'u na kawo musu abinci har ciki.

Da yake an kori masu shara, Alhamis ɗin nan shi ya ɗauki tsintsiya. Ya ga zanen takalmin Jamil a cikin ƙura. Ya tsaya jim, sannan ya share.

Jamil ya kwanta da ciwon ƙafa, ƙafar ta yi shuɗi har gwiwa, likitoci suka rasa sunan cutar. Ranar Laraba aka kai shi makwanci. Ba a yi arba'in ba Aina'u ta yanke jiki ta faɗi da kular abinci a hannu, ba ta tashi ba. Sadiya ta daina magana, sai shara. Ta share ɗaki, ta share tsakar gida, in an ƙwace tsintsiyar ta ci gaba da tafin hannu har ya yi jini.

Sama'ilu ya koma marina, hularsa a hannu.

"Ka ce shara. Ka ce ba jini."

"Ka ga jini?" in ji bokan. "Da sawun jama'a kake kawowa, kowa a ɗan lasa shi ya tashi. Kai ka kore su. Cikin masu ramin bai ragu ba. Sawun wa ka bari?"

"To na daina kawowa."

"Su zo su ɗauka da kansu ke nan. Sun san gidan."

Kada ka zaci ya tuba. Dabara ya nema. Ya nufi gidan Inna Barira, ya same ta tana tsince wake a zaure, ta yi ƙiba, ƙafarta ta warke. Ya durƙusa.

"Inna, ku dawo aiki. Duka. Zan ninka albashi."

"Injin ya mutu ne?"

"Yana nan. Ko ba ku yi komai ba, ku dai riƙa shiga kuna zagayawa."

Ta ture waken gefe. "Mu riƙa takawa, kake nufi. Ashe abin da ya ci ƙafafunmu ke nan. Ka hana mu shara, ka kai mu a cikinta. Allah ya jiƙan Jamil, ya ba Sadiya lafiya. Tashi ka fita, Sama'ila, ka bi ta kan dakali, kada ka bar min sawu a zaure."

Ba a jima ba kamfanin Legas ya sayar wa wani kamfanin. Sababbin masu wurin ko ganinsa ba su nema ba, saƙon waya suka turo cewa an gode da hidimarsa. Suka kwance injin suka tafi da shi wata jiha. Bene ya tafi a magani, dangin Aina'u suka ɗauke Sadiya.

Yau in ka wuce ranar Alhamis za ka gan shi a bakin ƙofar mai sarƙa, ba takalmi, ƙafafu shuɗi. Yakan taka ƙasa, ya juyo ya share sawun, ya zuba a buhu, ya sake takawa. Nasa kaɗai ya rage.

Kai mai hangen kujerar wani, kai mai ganin ɗan abin da talaka ke tsinta ya yi masa yawa, ka ji. Mutanen da kake ƙyashin ciyarwa, wataƙila su ne katangar gidanka. Boka kuwa bai taɓa ba da kyauta ba. Allah ya raba mu da kwaɗayi, ya sa mu gama da duniya lafiya.