Ƙofar da Dallatu Ya Ɓalle

Wayyo Raihana! Tun da mijinta ya rasu ya bar ta da Nana Maryam, 'yar shekara biyu, ba ta san hutu ba. Shara take yi a wani asibiti a Kunci, daga magariba har wayewar gari, yarinya na goye a bayanta, har ranar da aka ce mata ko ta nemi mai reno ko ta bar aikin. Ta yi kuka har idanunta suka kumbura... wa take da shi ban da Allah?

Dallatu, yayan mijinta, sai ya samu abin da yake nema. Ba yarinyar ce ta dame shi ba, gonar gadonta yake hange, don wanda ya riƙe marainiya shi zai noma ta. Ya bi ƙauye yana cewa Raihana kulle 'yar take yi a ɗaki ta tafi yawon dare. Mata a bakin rijiya suka daina amsa gaisuwarta.

Wata safiya ya tattaro dagaci da dattawa, ya sa ƙafa ya ɓalle ƙofarta don su gani da idonsu. Wayam! Ba kowa sai tabarma.

Raihana ta iso a gajiye, ta ga ƙofarta a ƙasa, ta durƙusa hawaye na zuba. "Yaya, me na yi maka?"

"Ina 'yar ƙanena? Kin salwantar da ita ko!"

"Rage murya, Malam Dallatu, kar ka firgita ta." Inna Falta ce, tsohuwar unguwarzoma, ta biyo bayan Raihana da Nana Maryam a goye, kumatu duk kunu. Ta juya ga dagaci. "Ranka ya daɗe, gwamnati ce ta buɗe gidan reno saboda masu aikin dare, ita ke biyana ina kula da shi, ita ke ciyar da yaran. A jikina yarinyar nan take kwana kullum. Da ya taɓa tambayar inda take kwana, ai da ya sani."

Dagaci ya girgiza kai. "Yarinya da gonarta suna hannun uwarta. Ƙofa kuma kai ka ɓalle, kai za ka gyara, yau ɗin nan."

Sai guɗa ta tashi! Matan rijiya suka rufe Raihana da neman gafara, tana dariya tana kuka tana faɗin alhamdu lillahi.

Dallatu kuwa ya yini a rana yana buga ƙusa, gumi sharkaf. Nana Maryam ta tako a hankali, ta miƙa masa guntun ƙosanta.

"Baffa, ungo."

Ya kasa ɗaga ido ya dube ta.