Batirin Rimot ɗin Baba

Rimot ɗin motar Baba ne ya mutu, aka aiki Auta rumfar wani saurayi mai yankan makulli. Saurayin ya sa bakin sukudireba a tsagin rimot ɗin ya ɓare shi, ya ciro ɗan batir mai kama da maɓallin riga.

"Gefen da ke da rubutu shi ke kallon sama," ya ce.

Ita kuwa ba batirin take kallo ba. Ta karɓi mataccen ta jefa a jaka.

Ba a jima ba rimot ya sake mutuwa, ya kuma sakewa. Auta ce ke ɓare shi da fil ɗin ɗankwali, ta cire sabon batir ta mayar da mataccen, don a sake aikenta. Saurayin ya gane sarai, amma bai taɓa tona ta ba.

"Gimbiyata, yau ma ya mutu?"

"Murus, Mai Makulli."

"Allah ya sa kada ya warke."

Ranar da ya turo kawunsa neman aure, Baba ko ruwa bai bari ya sha ba.

"Wannan mai sayar da mataccen batir? Wanda ya cuce ni a abin da bai kai farce ba, shi zan ba 'yata?"

Baba bai tsaya nan ba, duk wanda ya gani sai ya gargaɗe shi da rumfar. Ciniki ya ja baya. Ga ɗan abokin Baba ya fara zarya gidan, kullum cikin ƙamshi.

Auta ta tura wa Mai Makulli saƙo: "Zan gaya wa Baba ni ce."

Amsa ta zo: "Kada ki soma, hasken idona. Gara ya ɗauke ni maha'inci da ya ɗauke ki maƙaryaciya. In babu rabo, ki yafe min."

Sau da yawa ta durƙusa gaban Baba da niyyar faɗa, sai ta tuna yadda yake bugun ƙirji cewa Autarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, bakinta ya mutu. Ta rame, ta daina dariya, ta cire rai. Hanyar rumfar ma ta daina bi.

Wata safiya rimot ya mutu da gaske. Baba na tsaye jikin mota yana ta dannawa yana tsaki. Ba tare da tunani ba Auta ta karɓa, ta zare fil, ta ɓare shi, ta zazzage jakarta. Sababbin batura suka cika mata tafi. Ta sa ɗaya, mota ta yi ƙara ta buɗe.

Baba ya dubi hannunta, ya dubi fuskarta.

"Duk nasa ne?"

"Duk masu kyau ne, Baba." Hawaye suka ɓalle mata.

"Ya sani?"

"Tun farko."

"Kuma ya bar ni ina ɓata masa suna?"

Da ƙafarsa Baba ya je rumfar, ya tarar da saurayin zaune shi kaɗai. Saurayin ya miƙe, ya miƙa hannu zai karɓi rimot.

"Lafiyarsa ƙalau, ɗana. Kai na zo nema. Ka yafe min, ka dawo min da kawunka. Allah ya yi muku albarka." Ya tura rimot ɗin can ƙasan aljihu. "Wannan dai, daga yau a jikina zai riƙa kwana."